Milimita Biyu da Suka Sa Na Sauke Giyabos Sau Biyu

Motar BMW ce ƙirar E36, 328i ta 1997, mai giyar hannu. Mai ita matashi ne, ɗan wani Alhaji da muke yi wa gyaran motocin gida tun ina yaron gareji a nan Kano. Wasan mota yake yi da ita, irin wanda ake sakin bayan mota ta riƙa tafiya a karkace taya na hayaƙi. A fili yake yin abinsa ba a titin jama'a ba, shi ya sa ma nake yarda in taɓa ta. Injin M52 ne mai silinda 6, lita 2.8, wanda daga kamfani yake ba da doki 193 da ƙarfin murɗa Nm (nuton-mita) 280. Sai ya je aka ɗora masa tobo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, wanda ya yi masa saitin kwamfuta ya ce ƙarfin murɗar ya kai wajen Nm 450. Kulocin asali bai yi wata guda ba ya ce ga garinku nan.

Ranar da ya zo, kaya uku ya fito da su daga but. Na farko filawil na hannu, wato faifan bayan inji da kuloci ke zama a kai, dunƙulallen ƙarfe guda, domin na asalin mai ɓari biyu ne da sifirin a tsakani, kuma ba ya jure shurin kulocin da 'yan wasa ke yi. Na biyu murfin kuloci sabo dal, wanda a gareji muke ce wa dis, shi ke matse filet a jikin filawil. Na uku filet, faifan da ke gogayya tsakanin filawil da murfi, shi ma sabo, mai kunnuwa 6 na seramik a maimakon fata zagaye. Murfin na wani kamfani ne, filet ɗin na wani daban. Na lura da haka a lokacin, amma da na ga duk faɗinsu milimita 240 ne kuma haƙoran tsakiya sun hau sandar giyabos lafiya, sai na ce ai shi ke nan.

Fuskar filawil ɗin duk tabon ƙuna ne, shuɗi-shuɗi. Na ba yaro na ce ya kai wa mai injin kankare ƙarfe a wanke masa fuska. Ban auna komai ba kafin ya tafi, ban auna komai ba da ya dawo. Ya dawo yana sheƙi kamar madubi, na ji daɗi, muka ɗaura. Wanda ya taɓa sauke giyabos ɗin E36 ya san ba aikin awa ɗaya ba ne: salansa, furofela, sitata, ga waɗancan notuka na can sama da sai ka jona sanduna kamar mai kaɗo mangwaro kafin ka kai gare su. Yini guda muka yi.

Kwana uku tsakani sai ga shi ya dawo. A giya ta 4, da zarar tobo ya buɗe, allurar inji sai ta tashi sama mota kuma tana nan yadda take. Ga ƙauri. Feda kuma sai ta kusa ƙarewa a sama kafin kuloci ya kama.

Ya ce, "Oga, kulocin nan ba shi da ƙarfi, feda kamar mutum ya taka burodi. Abokaina sifirin biyu ake haɗa musu a murfi ɗaya. A yi mini haka kawai."

Na ƙi. Duk nauyin da ƙafarka ta danna a feda, boris ɗin kuloci ne ke tura shi kan yatsun sifirin ɗin murfi, murfi ya tura filawil, filawil ya tura karanshaf, babbar sandar inji, gaba. Abin da ke tare karanshaf ɗin kuwa ɗan ƙaramin metal ne mai kafaɗa a cikin inji. Wasan gaba da baya da aka yarda wa karanshaf na wannan injin bai wuce daga milimita 0.08 zuwa 0.163 ba. Ka ninka sifirin, ka ninka wahalar wannan metal ɗin, musamman da safe in an taka kuloci an tayar da mota mai bai riga ya zagaya ba. Na ga injin da aka kashe ta wannan hanya. Sai dai ƙin yarda daban, sanin abin da ke damun motar daban, kuma a ranar ban sani ba.

Da yamma na tafi wajen maigidana, wanda ya koya mini aiki. Ya tsufa, ya daina shiga ƙarƙashin mota, amma kunnensa da hankalinsa suna nan. Na zayyana masa komai. Bai ce kanzil ba sai da na gama.

"Filawil ɗin shimfiɗaɗɗe ne ko mai kwarmi?"

Na ce mai kwarmi ne, Baba. Fuskar da filet ke kwanciya tana ƙasa, bakin da murfi ke zama yana sama.

"Da aka wanke fuskar, an taɓa bakin?"

Na yi shiru.

"Da ka ɗaure murfin, yatsun sun kwanta ko sun miƙe?"

Nan ma sai da na rufe ido na tuno. Sun ɗan yi tudu, sun turo waje. Ya kaɗa kai ya ce, "To kai sabon kuloci ka ɗaura a mazaunin tsoho."

Ya aiki jikansa ya kawo murfin gwangwanin madarar gari, ya ce in danna tsakiyarsa da babban yatsa. Da farko ya yi tauri, taurin na ƙaruwa, sai can ya saki ya lotsa ciki da sauƙi. Ya ce haka sifirin ɗin murfin kuloci yake. Ba irin naɗaɗɗen sifirin ba ne da ƙarfinsa ke ƙaruwa daidai gwargwadon dannawa. Faifai ne mai siffar malfa, ƙarfinsa yana hawa ya kai ƙololuwa, in ka ci gaba da dannawa ya fara sauka. Daga baya na gani a waya cewa wani Bafaranshe, Julien Belleville, shi ya yi rajistar irin wannan faifan a 1867, har yau kuma da sunansa ake kiransa. Masu ƙera kuloci da gangan suke ajiye sabon filet a ɗan bayan ƙololuwar. Yayin da fata ke cinyewa, sifirin yana ɗan saki, ƙarfin matsin yana hawa, shi ya sa tsohon kuloci fedarsa ke ƙara tauri. In cin ya wuce ƙololuwa, sai ƙarfin ya gangaro da sauri, kuloci ya fara sulɓi. Tafiyar duka, daga sabo zuwa mutuwa, ba ta cika wuce milimita 1.5 zuwa 2 ba. Sifirin kuwa bai san bambanci tsakanin fata ta cinye da an zurfafa kwarmin filawil ba. A wajensa duk ɗaya ne, filet ya yi masa nisa.

Washegari muka sake sauke giyabos, a kan kuɗina wannan karon.

Kafin in taɓa awo sai da na zauna da biro, don in san abin da nake nema. Ƙarfin murɗar da kuloci zai riƙe ya rataya ne a kan abu huɗu da ake ninka su da juna: ƙarfin matsi, da kamun fata, da matsakaicin nisan fatar daga tsakiya, da yawan fuskokin da ke gogayya. Filet ɗaya fuska 2 gare shi. A filet mai milimita 240, tsakiyar fatar tana wajen milimita 100 daga cibiya, wato mita 0.1. Kamun fata ta yau da kullum ana ɗaukarsa kusan 0.3, na seramik kusan 0.4. In ka juya lissafin, don riƙe Nm 450 da seramik kana buƙatar matsin nuton 5,625, kimanin kilo 570, kuma wannan a bakin gaɓa ke nan, ba rarar komai. Mai shurin kuloci kuwa dole a bar masa rara, ko da kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Abin da nake nema ke nan ya kama wajen kilo 700.

Awon ƙarfe bai ɗauki minti 20 ba. Na ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan bakin filawil, na sauke wutsiyar baniya, ma'aunin kauri da zurfi, zuwa fuskar a wuri huɗu. Mai motar ya tono takardar kamfanin filawil ɗin a intanet, muka gwada. Kwarmin ya fi abin da aka rubuta zurfi da milimita 1.5. Na kira mai inji, ya ce shi 0.9 ya cire saboda tabon ya shiga ciki. Ashe ragowar 0.6 wani ya riga ya kankare tun kafin kayan su iso hannunmu. Sai na auna filet ɗin seramik, na gwada da kaurin da takardar murfin ta nema: ya gaza da 0.4. Filet mai fata yana da lanƙwasassun ƙarafa a tsakanin fatun biyu da ke sa shi kama a hankali, na seramik ba shi da su, kuma kowane kamfani da kaurin da ya zaɓa. Jimla 1.9. Kulocin da aka ɓare daga kwali, tun ranar farko yana zaune a inda kuloci ke mutuwa.

Na so in ga abin da idona, ba a takarda kawai ba, kuma ba mu da na'urar auna matsi. Abin da muke da shi maƙwabci ne mai sayar da hatsi, da sikelinsa na buhu mai lamba, wanda ke ɗaukar kilo 300. Muka aro shi. Muka shigar da shi ƙarƙashin firam ɗin injin matsa boris, muka ɗora katako, muka kwantar da filawil da filet da murfi a ɗaure yatsu na kallon sama, muka mayar da sikeli sifili. Na ɗora tsohon boris ɗin kuloci a kan yatsun, jak yana danna shi daga sama a hankali. Yaro ɗaya ya saka sukundireba ta tagar murfi yana ɗan tura kunnen filet. Daidai lokacin da filet ya motsa, ni kuma in karanta sikeli. Wannan lambar ita ce nauyin da ake buƙata a kan yatsu kafin a ɗage matsin. Yatsun kuma tamkar sandar ɗaga kaya suke, don haka sai ka ninka lambar da ribar sandar. Na auna daga zoben da sifirin ke juyawa a kai zuwa bakin yatsa, na raba da nisan zoben zuwa inda sifirin ke danna ƙarfen matsi da ke cikin murfi, ya ba ni wajen 4.2. Ba awon ɗakin gwaji ba ne, yatsu suna ɗan lanƙwasa, murfi ma yana ɗan bayarwa. Amma don kwatanta wannan zama da wancan, ya wadatar.

Yadda muka ciro shi daga mota, sikeli ya nuna kilo 128. In ka ninka da 4.2, matsin kilo 538 ke nan, wanda a lissafin nan zai riƙe kusan Nm 420. Inji yana ba da 450. Ga sulɓin nan a fili, kuma ga dalilin da ya sa sai tobo ya buɗe yake yi.

Daga nan muka yanko zobba daga falankin ƙarfe mai kaurin rabin milimita, muna shimfiɗa su a ƙarƙashin filet ɗaya bayan ɗaya, kamar muna cike kwarmin. Kowane gwaji sai an kwance notuka 6 an sake ɗaurewa, yara har sun fara gunaguni. Da zobe ɗaya, 158. Da biyu, 177. Da uku, 181. Da huɗu, wato milimita 2, sai ya sauko 169. Da biyar, 154. Na tsaya ina kallon lambobin a jikin bango inda na rubuta da alli, ga tudun Baba nan ya fito sak, hawa da ƙololuwa da gangara.

Mai motar yana tsaye, ya nuna 181 ya ce, "Oga, ai ga shi nan. A sa shi a nan."

Ni ma zuciyata ta raya mini haka. Amma wanda ya zauna a ƙololuwa tun ranar farko, duk abin da fata ta ci daga nan gangara ce. Kuma seramik ba kansa kawai yake ci ba, yana cin fuskar filawil da ta ƙarfen matsi. Na ce masa a'a, za mu zauna a wajen 170, a ɓangaren sabo. Wannan ya ba da matsin kilo 714, kusan nuton 7,000, riƙon Nm 560 ke nan, rarar kusan kashi 24 cikin 100. In ya ci rabin milimita ƙarfin ƙaruwa zai yi, sai ya ci fiye da milimita ɗaya kafin ya dawo inda ya fara. Lambar 154 ɗin ma darasi ce gare shi, don da can yana ganin in an sa filet mai kauri sosai an ƙara ƙarfi ne. Kauri in ya wuce kima matsi raguwa yake yi, kuma kuloci ya ƙi saki, giya ta riƙa ƙara.

Zobba na gwaji ne kawai, ba a barin su a cikin mota. Gyaran gaskiya shi ne a sauke bakin filawil da milimita 1.9. Wannan karon da kaina na je. Da na faɗa wa mai inji, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ai kai ka ce a wanke fuska. Ba ka ce a taɓa baki ba." Gaskiyarsa. Kuma na gane dalilin da ya sa ba a son taɓa bakin: akwai fil guda 3 da ke saita zaman murfi, sai an zare su kafin wuƙar inji ta wuce, su kuma ba sa fita da daɗin rai. Muka zare su, ya yanka a hankali ina auna masa, muka mayar. Na sa ya ɗora agogon awo ya juya, don in tabbata baki da fuska suna tafiya tare ba karkata. Na kuma duba ko akwai tsaga a jikin ƙarfen, domin filawil da ke juyi 6,000 a minti kusa da ƙafar direba ba abin wasa ba ne.

Akwai abu biyu da yankan baki da na fuska ke jawowa, kuma da ban duba ba da na sauke giyabos sau uku. Ramukan notin murfi sun rage zurfi, don haka noti zai iya taɓa ƙasa ya yi tauri alhali bai matse murfin ba. Na gwada kowanne ba murfi, na ga akwai sauran wuri. Na biyu, tunda fuskar ta sauka da milimita 1.5, cibiyar filet mai sifirin ta matso kusa da kawunan notukan karanshaf. Na manna cingam a kan kawunan, na kwantar da filet na danna na ɗaga, na auna kaurin cingam ɗin. Akwai rata, har da ta cin gaba.

Ɗaurawa kuma aikin natsuwa ne kawai. Sababbin notukan filawil guda 8, Nm 105 da sifana mai awo. Boris ɗin tsakiyar karanshaf sabo. Na wanke fuskoki da tina har sai farin tsumma ya fito fari. Na saita filet da tsohuwar sandar giyabos, na ɗaure murfi a gicciye, rabin juyi rabin juyi, don kada ya karkace. Notukan M8 ne, masu lamba 8.8 ana tsayawa a Nm 24, masu 10.9 a 34, namu 10.9 ne. Ƙara musu ɗauri ba ya ƙara matsi ko kilo ɗaya, da zarar murfi ya zauna a baki aikin noti ya ƙare. Da na gama na duba yatsu: sun kwanta daidai, kamar an shafe su da hannu. Ɗan fil ɗin roba da cokalin kuloci ke jingina a kai ya cinye, na sa na ƙarfe. Giris a haƙoran sanda kaɗan, na shafa na goge.

A layin man kulocin waɗannan motoci akwai wani ɗan bawul mai ƙaramin rami, aikinsa ya rage saurin komawar mai in an saki feda, don kada direba ya fizgi giyabos. Ga mai tuƙin gida ba laifi. Ga kulocin da ake so ya kama nan take, yana sa shi jan ƙafa ne, matsin bai gama sauka ba inji ya riga ya taso. Na cire shi, na canza tiyon roba da mai saƙar ƙarfe, muka zuba man birki DOT 4. Fitar da iska ta ba mu wahala, sai da na kwance silindar kuloci ta ƙasa na riƙe ta bakin fitar iska na sama ina tura sandarta da hannu, sannan kumfar ƙarshe ta fito.

Saura matsayar feda. Sifirin ɗin nan in aka danna shi ya wuce iyaka yana gajiya, ƙarfin da muka sha wahalar nema ya zube. Muka ɗaga bayan mota, inji a kashe, giya a ciki. Yaro yana ƙoƙarin juya taya da hannu, ɗayar an tare ta, ni ina taka feda a hankali. Inda taya ta saki na yi alama, na ƙara wajen milimita 6, na kafa noti mai kan roba a ƙasa ya tare fedar a nan.

Na ba shi mukulli da sharaɗi: kilomita 800 na tuƙin cikin gari, tashi da tsayawa, ba shuri, ba tobo. Kunnuwan seramik sai sun kwanta sun saba da fuskar kafin su ba da kamun da aka yi lissafi da shi. Ya ce wannan ai hukunci ne. Na ce cunkoson Kano zai gama masa shi cikin sati uku.

Sati huɗu ya yi. Da ya dawo muka fita da sassafe hanya ba kowa, na sa giya ta 4 a juyi 2,500 na take totur har ƙasa. Tobo ya buɗe, allurar inji da ta gudu suka tashi tare kamar an ɗaure su da zare. Na maimaita a ta 5, haka. Fedar ba ta fi ta asali tauri da wani abin kirki ba, tana kamawa a ƙasa da tsakiya.

Da muka koma gareji na buɗe littafin aiki na rubuta zurfin kwarmin da kaurin filet da lambobin sikeli shida, da ranar. Shi kuma yana jingine da mota yana ƙorafi, wai in zai tashi a cunkoso motar tana karkarwa, 'yan adaidaita suna kallonsa kamar ɗan koyo. Na ce masa wannan halin seramik ne, ba shi da tsaka-tsaki, ya ƙara ɗan totur ya saki da sauri. Ya ce to, ya kuma tambaya ko zan duba na abokinsa mai sifirin biyu, wai kwanan nan in ya taka kuloci injin yana ɗan rage murya. Na ce ya kawo ta gobe, amma kada ya tayar da ita, a jawo ta.